Hong Kong: An Yi Ciniki Ba Da Masu Gida Ba

A wannan wata za mu leƙa can gabas mai nisa, mu duba yadda Ingila ta mayar wa ƙasar Sin da Hong Kong.

Asalin maganar tsoho ne. Ingila ta karɓe tsibirin a 1842 bayan yaƙin da ta yi da Sin, ta ƙara da Kowloon a 1860. A 1898 kuma ta ɗauki hayar wani babban yanki da ke maƙwabtaka da su na shekara 99. Wannan haya ita ce ta zama igiyar da ta ɗaure ta daga baya.

Japan ta mamaye wurin a 1941. Da ta sha kashi a 1945, shugaban Sin na lokacin, Chiang Kai-shek, ya so a ce shi ne zai karɓi miƙa wuyan sojojinta. Ingila ta yi wuf ta turo jiragen ruwanta a ƙarƙashin Admiral Harcourt a ƙarshen Agusta. Aka sasanta a kan cewa Harcourt ya karɓa da sunan Ingila da na Chiang gaba ɗaya, amma mulki ya koma hannun Turawa.

To, rana ba ta ƙarya. Da wa'adin haya ya ƙarato, Margaret Thatcher ta je Bejin a 1982 ta gana da Deng Xiaoping. Ingila ta nemi a bar mata tafiyar da mulki, ita kuwa Sin ta riƙe sunan mallaka. Deng ya ƙi. Dama Ingila ba ta da makama, domin mafi yawan ƙasar na haya ne, ruwan sha ma daga Sin ake sayo mai yawansa. Bayan zama 22, aka sa hannu ran 19 ga Disamba 1984: Hong Kong za ta koma ran 1 ga Yuli 1997, ta ci gaba da tsarinta na kasuwanci da shari'a har shekara 50.

Abin da ya tsaya mana a rai shi ne, mutanen Hong Kong, fiye da miliyan 5 a lokacin, ba su da kujera a teburin. Sin ta ce magana ce tsakanin ƙasa da ƙasa, babu na uku. Tun a 1972 ta sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta cire wurin daga jerin yankunan da ake jira su sami 'yancin kansu. Mu a nan Afirka mun ga wani salo daban: an jefa ƙuri'a a Togo ta Ingila a 1956, da Kamaru ta Ingila a 1961. Zaɓin da aka bayar ƙunci gare shi, har yau ana ƙorafi, amma dai an tambayi jama'a.

Wanda ba a ƙulla alkawari da shi ba, ba ya da bakin tuhuma idan an saɓa. A 2019 dubun dubatar mutane suka fito zanga-zanga, a 2020 Bejin ta kafa dokar tsaro mai tsanani. Ingila ta ce an karya yarjejeniya, Sin ta ce harkar cikin gidanta ce. Mu marasa rinjaye, ya kamata mu lura: duk inda ake zancen makomarmu, ko na filin kasuwa ne ko na makaranta, mu nemi wurin zama tun kafin a sa hannu.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.