SHARHI: Mota ta yi tsada, ma'aikatan Abuja sun koma goge fenti a gida, amma rigar motar ba ta da kauri

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya bayyana cewa tallafin fetur ya ƙare, lissafin mai mota a Abuja ya sauya. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta koma naira 537 a gidajen man NNPC cikin 'yan kwanaki, ta kuma haura naira 1,000 a watan Oktoban 2024. Makonni biyu bayan rantsuwar, Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nemo wa kanta daraja a kasuwa. Dalar da ake samu a hukumance kan kusan naira 460 ta wuce naira 1,500 a watan Fabrairun 2024. Da yake da dala ake sayo motocin da ake kira tokumbo, kuma Hukumar Kwastam da farashin dala take ƙididdige harajinsu, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, ya bar albashi a ƙasa. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 bai cike wannan rata ba.

Ma'aikacin tarayya ya fi kowa jin abin a jikinsa. Tun tsarin da gwamnatin Obasanjo ta kawo a 2003, wanda ya mayar da gida da mota da sauran alfarmar aiki zuwa kuɗi a cikin albashi, akasarin ma'aikata da motar kansu suke zuwa ofis. Corolla ko Camry ko Accord da mutum ya saya shekara takwas da suka wuce, da niyyar sauyawa bayan shekara huɗu, yanzu ita ce motar da zai yi ritaya da ita. Wasu ma da ita suke ɗaukar fasinja daga Kubwa, Nyanya ko Lugbe zuwa Sakatariyar Tarayya don rage kuɗin mai. Ta zama kadara, kuma idan larura ta taso aka kai ta gaban dillali, jikinta zai fara dubawa kafin ya buɗe bonet.

Wannan ne ya sa gyaran fenti a gida ya samu karɓuwa. Bidiyoyin YouTube da TikTok sun cika da mutanen da ke ɗaukar injin goge mota, su bi ta kan fentin da ya dusashe, cikin minti biyu ya koma kamar madubi. Ana sayar da injin da man gogewar a shagunan intanet da kasuwar kayan mota ta Apo. Ga wanda aka faɗa wa kuɗin sake fenti ya ja da baya, wannan hanya ce mai jan hankali. Sai dai akwai abin da bidiyoyin ba su cika tsayawa a kansa ba, kuma shi ne ginshiƙin maganar: ƙyallin da ake gani bayan gogewa ba ƙari aka yi wa fentin ba, ragi aka yi masa.

Fentin motar zamani hawa-hawa ne. A kan ƙarfe akwai shafin da ke hana tsatsa, sai shimfiɗar ƙasa, sai launin da ido ke gani, sannan a sama da komai wata riga marar launi, garai-garai kamar gilashi. Dukkansu a haɗe, yadda suke fitowa daga masana'anta, kaurinsu yakan kama daga maikiron 100 zuwa 150, wato bai kai kashi biyu cikin goma na milimita ba. Rigar saman ita kaɗai takan tsaya tsakanin maikiron 35 zuwa 50. Silin gashin mutum ya fi ta kauri. Ita ce ke ba mota sheƙi, kuma a cikinta aka zuba sinadarin da ke kare launin daga ƙunar rana.

Idan aka ce mota ta yi zane-zane, irin waɗanda ke fitowa kamar saƙar gizo-gizo a ƙarƙashin rana, ƙananan ramuka ne a cikin wannan riga. Man gogewa kuwa samfefa ne a siffar ruwa. Aikinsa ya ci gefen ramin har ya yi daidai da gindinsa, haske ya daina wargajewa. Kowace gogewa tana tafiya da wasu maikiron, kaɗan idan man mai laushi ne, da yawa idan mai kaushi ne, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ƙa'idar da ƙwararru a wannan sana'a suka fi bi ita ce kada a cinye fiye da kusan rubu'in rigar a tsawon rayuwar motar. Wanda ya mayar da gogewa al'adar ƙarshen kowane wata yana kashe jarin da ya kamata ya kai shi shekara goma. Sakamakon yana yawo a titunan Abuja: rufin mota da bonet sun yi fari-fari, rigar tana ɓarewa kamar fatar da ta ƙone. Idan abu ya kai nan, babu man da zai gyara shi, sai mai fenti.

Yanayin Abuja ya ƙara wa lamarin nauyi. Masu waɗancan bidiyoyi galibi a cikin gareji suke aiki, a Amurka ko Turai, da inuwa da fitilu da ruwan famfo. Ma'aikacin da ke haya a Karu ko Mararaba a tsakar gida yake ajiye mota, wani ma a bakin titi. A watannin Fabrairu da Maris zafi kan doshi digiri 40, ƙarfen baƙar mota kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Man gogewa a kan ƙarfe mai zafi yana bushewa kafin ya yi aiki, fentin ya yi laushi, injin ya ƙona shi. Sai kuma hunturu. Hazon da ke lulluɓe birnin daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙura ce da iska ke kwasowa daga Sahara, wani kaso mai yawa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, kuma a cikinta akwai ɓurɓushin ma'adini mai tauri irin na yashi, wanda ya fi rigar fenti ƙarfi sosai.

A nan ne al'adar da aka fi ɗauka a matsayin kula da mota take zama babbar mai ɓata ta. Duk wanda ya san harabar ma'aikatu ya san direban da ke zagaya motar maigida da busasshen tsumma kowace safiya, yana kakkaɓe ƙura. Niyyarsa mai kyau ce, kuma an saba auna ƙwazon direba da tsabtar motarsa. Amma busasshen tsumma a kan ƙurar hunturu samfefa ne. Baƙaƙen Prado da Land Cruiser da manyan jami'ai ke shiga su suka fi nuna wannan rauni, domin baƙin launi ba ya ɓoye karce. Hadimin da ke kula da motocin ofis, idan ya ga sun dusashe cikin shekara biyu, kafin ya rubuta takardar neman kuɗin sake fenti daga baitulmali, ya kamata ya tambayi da me ake goge su. Bokitin ruwa da tsumma mai laushi sun fi kwangilar fenti araha.

Haka abin yake a wuraren wankin mota na bakin hanya. Matasan da ke wannan aiki da yawan motocin da suka wanke ake biyansu, don haka bokiti ɗaya da soso ɗaya ne ke bin taya, ya bi ƙofa, ya hau bonet. Omon wanki da ake zubawa yana wanke duk wani kakin kariya da ke kan fentin. Ruwan rijiyar burtsatse a wasu unguwanni yana ɗauke da ma'adinai, idan ya bushe a rana ya bar ɗigo-ɗigon da ke cin rigar. Ba laifin matasan ba ne. Kuɗin da ake ba su bai sayi fiye da haka ba.

Abin da mai mota zai iya yi a gida ba tare da asara ba, mafi yawansa wanki ne, kuma ba ya buƙatar inji. A fara kwarara ruwa ya sauke ƙurar kafin hannu ya taɓa jikin motar. A ajiye bokiti biyu, ɗaya na sabulun mota, ɗaya na ɗauraye tsumman bayan kowane shafi, don yashin da ya kwaso kada ya koma kan fenti. A fara daga rufi a gangaro, tayoyi kuma da nasu tsumman daban. A yi aikin da sassafe ko bayan la'asar, a tsane ruwan kafin ya bushe da kansa. Ko wanda ke sayen ruwa wurin 'yan garuwa, jarka biyu ko uku sun isa. Kashin tsuntsu da na jemage da ƙaron bishiya su ne ba sa jiran Asabar: a zafin Abuja suna iya huda rigar cikin kwana ɗaya ko biyu, don haka inuwar mangwaro ko dogon yaro da ake rububi a harabar ofis tana da nata farashin. Bayan wanki sai a shafa kakin mota, wanda kan ɗauki makonni zuwa 'yan watanni kafin ya buƙaci sabo. Shi ne ke karɓar dukan rana da ƙura a madadin fentin.

Gogewa tana da muhallinta, amma sai an tantance irin raunin. Idan aka zuba ruwa a kan karce ya ɓace, a cikin rigar sama yake, kuma man gogewa mai laushi zai iya rage shi. Idan farce ya maƙale a ciki, ko aka ga fari ko toka-toka a gindinsa, ya wuce rigar. Ci gaba da gogewa faɗaɗa ɓarna ne kawai, abin da ya dace shi ne a ɗiga masa fenti mai lambar launin motar don hana tsatsa kafin damina. Wanda ya ƙudurta sai ya yi amfani da inji, mai juyi biyu ya fi masa aminci a kan mai juyi ɗaya irin na masu fenti, wanda ke tara zafi wuri guda. Ya fara da mai mafi laushi a wani ɗan lungu, ya kuma nisanci gefuna da ƙusoshin jikin motar, inda fenti ya fi siranta.

Akwai kuma matsalar da ta keɓanta ga kasuwar Najeriya. Da yawa daga cikin tokumbon da ke shigowa daga Amurka a wuraren gwanjon motocin da suka yi hatsari ake sayo su, a daddaƙe su, a cike da fila, a fesa fenti kafin su isa wurin dillali. Mota ɗaya tana iya kasancewa da fentin masana'anta a ƙofa, da na Legas ko Kwatano a bamba da bonet. Wani fentin ma ba shi da rigar sama ko kaɗan. Alamarsa ita ce tsumman gogewa ya ɗauko launin motar. Ƙa'idojin da aka koya daga bidiyo ba sa aiki a kan irin wannan jiki. Akwai 'yar na'urar auna kaurin fenti da ake ɗorawa a kan ƙarfe ta nuna lamba, kuma inda lambar ta ninka ta sauran jikin sau uku ko huɗu, an taɓa wurin. Amfaninta ga mai shirin sayen mota ya ma fi amfaninta ga mai shirin gogewa.

Sabon abin da ake tallatawa yanzu a wuraren gyaran mota na Wuse da Gwarimpa shi ne shafin siramik, da alƙawarin cewa mota ba za ta ƙara karcewa ba. Shafin yana da amfani na gaske: ya fi kaki daɗewa, ruwa da datti ba sa kama shi sosai. Amma kaurinsa maikiron ɗaya ne ko biyu, kuma lambar 9H da ake rubutawa a kwalbarsa daga ma'aunin taurin fensir aka ɗauko ta, ba ma'aunin taurin duwatsu ba. Yashin hunturu zai karce shi kamar yadda yake karce fenti. Sannan kafin a shafa shi sai an goge motar da inji, wato sai an ci wani abu daga rigar. Mai tsohuwar tokumbo da za a karɓi kuɗin da ya kai albashinsa na wata, ko fiye, yana da haƙƙin ya nemi a auna masa kaurin fentin a gabansa, ƙofa-ƙofa, kafin a kunna injin.