Mabiya Ba 'Yan Rakiya Ba Ne: Tsokaci a Kan Ginuwar Ƙwaƙwalwa

Tun ɗan tayi yana cikin mahaifa, kowace ƙwayar jijiya takan fitar da wani siririn zare mai suna akzon, wanda zai ratsa jiki har ya iske inda zai isar da saƙo. A shekarar 1890 masanin Sifaniya Santiago Ramón y Cajal ya bayyana tsinin da ke kan wannan zare, wanda ke laluben hanya. A 1976 kuma Michael Bate ya nuna, a jikin ɗan tayin fara, cewa wasu ƙwayoyi ƙalilan ne ke fara keta hanya, sauran kuma su bi sawunsu su dunƙule kamar igiya. Na farkon su ne jagorori, na bayan kuwa mabiya. Ra'ayina shi ne, an daɗe ana fifita jagororin a fagen nazari, alhali kuwa mabiyan ne ke ɗauke da mafi yawan aikin.

Masu fifita jagora suna da hujjarsu. A farkon shekarun 1980, Corey Goodman da abokan aikinsa sun gano cewa idan aka kawar da zaren da wani mabiyi ke bi a jikin fara, sai mabiyin ya rasa alƙibla. Wannan ya sa ake kallonsa tamkar ɗan rakiya a ayari. Sai dai binciken ya nuna wani abu da ya fi haka: mabiyin bai kama kowane zare da ya tarar ba, nasa kawai yake nema. Ke nan zaɓe yake yi, yana karanta alamomin furotin da ke jikin kowane zare kafin ya manne masa.

Binciken Magdalena Bak da Scott Fraser na 2003 a kan ƙwaƙwalwar kifin zebra ya ƙara fito da lamarin fili. Sun ga jagora yana rage gudu idan ya iso tsakiyar ƙwaƙwalwa, tsininsa a baje yana lalube, mabiyi kuwa yakan wuce ba tare da tsaiko ba, tsininsa siriri. Da suka kawar da jagoran, sai mabiyi ya rage gudu, ya baje tsininsa, ya karɓi jagoranci. Wannan yana nuna cewa, a wannan hanya dai, bambancin da ke tsakaninsu na matsayi ne a cikin tafiya, domin kayan aikin laluben yana nan tare da mabiyin.

Batun yana da nasaba da lafiyar ɗan Adam kai tsaye. Gadar da ta haɗa ɓarin dama da na hagu na ƙwaƙwalwarmu tana ɗauke da zaruruwa kimanin miliyan 200, kuma jagororin cikinsu kaɗan ne ƙwarai. Ɗaya daga cikin furotin da ke taimaka wa zare manne wa ɗan uwansa shi ne L1. Idan aka sami tangarɗa a ƙwayar gadon da ke samar da shi, wato L1CAM da ke kan kuromosom X, jariri namiji kan iya zuwa da ruwa a ƙwaƙwalwa, da gadar da ba ta ginu daidai ba, da kuma naƙasar fahimta.

Saboda haka ya kamata manazarta su riƙa yi wa mabiyi tambayoyin da suka saba yi wa jagora. Ta yaya yake gane zaren da ya dace da shi a cikin dubbai? Wace alama ce ke sa shi ya saki igiyar idan ya iso mararrabarsa, ya nufi nasa masaukin? Masu ƙoƙarin gyara lakar da ta yanke ma suna buƙatar waɗannan amsoshi, domin zare ɗaya ko biyu da suka tsallake rauni ba za su mayar wa majinyaci da motsi ba, sai ɗimbin zaruruwa sun bi bayansu sun kuma sauka inda ya dace.