Gobe ta Allah ce, to yaron fa?

Ran Lahadi bayan sujada wani uba ya tare ni a ƙofar majami'a, ya ce in cire sunan ɗansa daga rajistar ajina. Yaron saura shekara guda ya gama firamare, wai zai bi kawunsa ramin zinariya can arewa. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri ya ƙarasa mana." Ya ce, "Mushe, gobe ta Allah ce." Ya faɗe ta kamar wanda ya toshe mini baki da aya.

Ni dai ban yarda wannan dogara ce ga Allah ba. Tsoro ne muka naɗa wa rawani.

Na san tushen tsoron. Mu Kiristocin Agadas 'yan kaɗan ne, yawancinmu aiki ko hanya ce ta kawo mu daga kudu. Mun ji yadda aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai a Janairun 2015. A shekarar ce aka yi dokar hana jigilar baƙin haure, kasuwar garin nan ta kwanta har aka soke dokar a Nuwamban 2023. Kamfanin Cominak ya rufe a Arlit a Maris 2021. Wanda ya ga wannan duka sai ya riƙa zama da jakarsa a ɗaure, ba ya dasa ko dalbejiya a tsakar gida.

Amma iyaye, ku buɗe Irmiya sura 32. Sojojin Babila sun kewaye Urushalima, annabin kansa yana tsare, sai ga shi yana sayen gonar ɗan baffansa a Anatot da shekel 17 na azurfa. Ya rubuta takarda, ya kira shaidu, ya sa a adana ta cikin tukunyar ƙasa don ta daɗe. Mutumin da ya fi kowa sanin birnin zai faɗi shi ne ya biya kuɗin gona, domin ya gaskata Allah zai komo da mutanensa.

Kusa da mu ma, Charles de Foucauld ya yi shekaru a Tamanrasset yana tattara kalmomin Abzinawa ɗaya bayan ɗaya. An kashe shi a 1916, babban ƙamus ɗin bai fito ba sai 1951 zuwa 1952. Mu kuwa 'ya'yanmu haifaffun Agadas ba su iya ko gaisuwa da Tamashek ba, don kullum "za mu koma gida".

Abin da na lura da shi a aji, uwar da ta ƙudura 'yarta za ta zama ungozoma addu'arta takan canja. Tana roƙon kuɗin littafi, lafiyar yarinya, sa'ar jarrabawa, kuma duk wanda Allah ya biya tana ƙirga shi, zuciyarta na ƙara ƙarfi. Wanda bai sa ran komai ba, me zai roƙa, me kuma zai gode?

Mu malamai ma da laifinmu. Sau nawa muka tambayi yaro abin da yake so ya zama, muka tsaya muka ji amsar?

Ban cire sunan ba. Na gaya wa uban zan zo gidansa ran Laraba da yamma, tare da kawun in zai yiwu.