Manhajojin Ƙari A Shafin Kamfani Na Bukatar Lissafi Irin Na Kayan Shago

Ɗan kasuwar da ba zai taɓa yarda a shigar da buhu ɗaya cikin sito ba tare da an rubuta shi ba, sau da yawa shi ne wanda bai san adadin manhajojin da aka ɗora a shafin kamfaninsa na intanet ba. Ya biya mai haɗa shafi, an nuna masa yadda hotunan kaya ke juyawa, ya yi murna, magana ta ƙare. Alhali kuwa a ƙarƙashin wannan ado akwai ƙananan manhajojin ƙari, waɗanda masu sana'ar ke kira fulogin, kuma kowace daga cikinsu tana da hannu a dukiyar kamfanin da sirrin abokan cinikinsa.

Fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya an gina su ne a kan manhajar WordPress, wadda ta fito a shekarar 2003. Ita kanta ba ta karɓar kuɗi, ba ta lissafin kaya. Sai an ɗora mata ƙari. Mai son sayar da kaya zai ɗora WooCommerce, mai son karɓar kuɗi da kati ko ta banki a Nijeriya zai ƙara ta Paystack ko Flutterwave, haka nan har zuwa dubun dubatar da ke ajiye kyauta a rumbun WordPress. Abin lura a nan shi ne, kowace ɗaya wani ne dabam ya rubuta ta, kuma da zarar an ɗora ta, tana iya kaiwa ga duk abin da ke cikin shafin, har da sunayen masu saye da lambobin wayarsu da adireshinsu.

Tarihi ya nuna illar sakaci da wannan al'amari. A watan Disamba na 2014, fiye da shafuka 100,000 sun kamu da wata muguwar manhaja ta hanyar kafar da ke jikin Slider Revolution, wadda aikinta bai wuce jujjuya hotuna ba. Masu ita sun toshe kafar tun watanni kafin nan, amma da yawa daga masu shafukan ba su ma san suna da ita ba, domin ta zo ne a ƙunshe cikin tsarin adon da aka saya masu. A 2017 kuma, an sayar da wata mai suna Display Widgets, wadda ke kan shafuka kimanin 200,000, sai sabon mai ita ya cusa mata hanyar shiga shafukan mutane a ɓoye. Darasin farko shi ne manhaja tana tsufa. Na biyu kuwa, tana sauya hannu ba tare da an shaida wa kowa ba.

Manyan kamfanoni ma ba su tsira ba. A 2018 ɓarayi sun kwashi bayanan katunan abokan cinikin Ticketmaster, mai sayar da tikiti a Ingila, ta hanyar wata manhajar amsa tambayoyi ta wani kamfani dabam da aka ɗora a shafin biyan kuɗi. A 2020 hukumar kare bayanai ta ƙasar ta ci kamfanin tarar fam miliyan 1.25, kuma hujjar cewa manhajar ta wani ce ba ta cece shi ba.

Wannan ya shafi ɗan kasuwar Nijeriya kai tsaye, tun da aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai ta 2023. Dokar ta ɗora wa mai tara bayanan jama'a nauyin tsare su, ta kuma wajabta masa sanar da Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa cikin sa'o'i 72 idan aka yi kutsen da ke iya cutar da masu bayanan. Tara tana iya kaiwa naira miliyan 10 ga manyan masu riƙe da bayanai, miliyan 2 ga sauran, ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar kamfani na shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa.

Sai kuma batun tsada. Galibin manhajojin da ake saye da dala ake biyan su, kuma duk shekara. Kafin Babban Bankin Nijeriya ya haɗe kasuwannin canji a watan Yuni na 2023, dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A cikin 2024 ta haura 1,500. Lasisin dala 100 da ake sabuntawa a kan naira 46,000 ya koma fiye da 150,000 a 2024. Wannan ne ya sa wasu masu haɗa shafi ke ɗora kwafin sata. Irin wannan kwafi ba ya samun gyara daga masu shi, kuma sau da yawa wanda ya raba shi kyauta ya riga ya dasa abinsa a ciki. Araha, in ji Hausawa, ba ta ado.

Abubuwan da shafin kasuwanci ke bukata na haƙiƙa ba su da yawa: hanyar karɓar kuɗi, manhajar tsaro, mai ajiye kwafin shafin a wani wuri dabam, mai sa shafi ya buɗe da sauri ga masu shiga ta waya, da fom na tuntuɓa. Duk abin da ya wuce waɗannan sai ya kawo hujjarsa. Kafin a amince da kowace, ya kamata a duba ranar da aka sabunta ta ta ƙarshe, yawan masu amfani da ita, da ko masu ita na amsa koke-koke. Rumbun WordPress yana nuna duk waɗannan a fili.

Bayan zaɓe sai kulawa, kuma a nan ne aikin mai kamfani yake, ko da bai iya kwamfuta ba. Ya nemi a rubuta masa jerin manhajojin duka: sunan kowace, aikinta, kuɗinta, da ranar ƙarewar lasisinta. Lasisi da sunan shafi da asusun ajiya su kasance da sunan kamfani, ba da sunan yaron da ya haɗa shafin ba, domin ma'aikaci yana iya tafiya. A ware rana a kowane wata don sabuntawa, bayan an ɗauki kwafi tukuna, kuma a riƙa gwada mayar da kwafin don a tabbatar yana aiki. Wadda aka daina amfani da ita a goge ta gaba ɗaya, don kashe ta kawai ba ya fitar da ita daga shafin.

Wasu za su ce ƙaramin ɗan kasuwa ba shi da lokaci ko kuɗin wannan ɗawainiya, kuma maganarsu tana da ƙanshin gaskiya. To amma wanda ba zai iya ba, gara ya tsaya ga shafi mai sauƙi da ke nuna kayansa da lambar wayarsa, ya bar karɓar kuɗi ga kamfanonin da aikinsu ke nan. Wanda kuwa ya zaɓi tara bayanan jama'a a shafinsa, ya ɗauki amana, kuma doka shi za ta tambaya, ba mai haɗa shafi ba.