SEC ko Big Ten: gardamar ƙarfi da kuɗi ke yanke hukuncinta

Mai karatu, duk wanda ya taɓa zama a majalisar masoya ƙwallo ya san gardamar nan da ba ta ƙarewa, wato tsakanin gasar Firimiyar Ingila da La Ligar Sifaniya wacce ta fi ƙarfi. To su ma Amurkawa suna da tasu, sai dai a kan jami'o'i take, kuma a kan ƙwallonsu mai siffar ƙwai wadda ake ɗauka a hannu ana ture-ture. Manyan jami'o'in ƙasar sun kasu rukuni-rukuni, kowane rukuni da gasarsa da kwangilarsa ta talbijin. Biyu daga ciki suka yi wa sauran fintinkau: SEC, wanda aka kafa a 1932 a jihohin kudu maso gabas, da Big Ten, wanda asalinsa ya faro tun 1896 a jihohin tsakiyar ƙasar ta arewa. Kada a raina wasan don na ɗalibai ne. Filin Jami'ar Mishigan kaɗai yana ɗaukar 'yan kallo fiye da 107,000.

Na daɗe ina bibiyar wannan muhawara, kuma abin da na fahimta shi ne, ta wuce hirar shan iska. Rukunin da jama'a suka yarda shi ne mafi ƙarfi, shi ke samun kujeru a gasar fitar da gwani, shi ke jan zaratan yara daga makarantun sakandare, shi ne kuma gidajen talbijin ke zuba wa kuɗi.

Bari mu fara da hujjar mutanen kudu, domin ba ƙarama ba ce. Daga kakar wasa ta 2006 zuwa ta 2012, sau bakwai a jere jami'o'in SEC suna ɗaukar kofin ƙasa: Fulorida sau biyu, Alabama sau uku, Auburn da Jami'ar Jihar Luwiziyana sau ɗai-ɗai. A kakar 2011 ma wasan ƙarshen tsakanin 'yan gida ɗaya aka yi shi, inda Alabama ta lallasa Luwiziyana da maki 21 da nema. Wannan lamari ya ɓata wa sauran rukunoni rai ƙwarai, yana kuma cikin dalilan da suka sa aka yi watsi da tsohon tsarin da ke zaɓo ƙungiyoyi biyu kacal ta hanyar ƙuri'a da lissafin kwamfuta, aka koma gasar ƙungiyoyi huɗu daga 2014. Sauyin bai rage wa kudu komai ba. Alabama a ƙarƙashin koci Nick Saban ta ƙara kofi uku, Luwiziyana ta ci a 2019, Jojiya ta ci a 2021 da 2022. Bugu da ƙari, tun daga 2007 har zuwa 2025, babu shekarar da wani rukuni ya fi SEC yawan 'yan wasan da gasar ƙwararru ta NFL ta ɗiba. Wanda duk ya ce a wancan zamani SEC ba ta fi kowa ba, alal haƙiƙa son zuciya ne ya yi masa jagora.

Amma fa ko a lokacin akwai wata 'yar dabara da na jima ina ƙorafi a kanta. Kowace jami'a wasa goma sha biyu take yi a kaka, kuma galibinsu da 'yan rukuninta ne. Karawa tsakanin manyan wannan rukuni da na wancan ba ta da yawa, saboda haka da zato ake cike gurbin da hujja ta bari. Idan tun kafin a fara kaka masu jefa ƙuri'a sun ɗora jami'o'in SEC shida ko bakwai a sahun gaba, to duk wadda ta yi nasara a cikinsu sai a ce ta ka da gwani, wadda ta faɗi kuwa sai a ce ai gwani ne ya ka da ita. Kowa ya ci riba ke nan. Ga shi kuma shekara da shekaru SEC wasa takwas kawai take bugawa a cikin gida, alhali Big Ten tara take yi. Ragowar gurbin sai a gayyato wata ƙaramar makaranta, a biya ta kuɗi, ta zo ta sha kashi ta koma. Sai a 2025 SEC ta amince ta koma wasa tara daga kakar 2026.

Inda wannan suna ya fi yin aiki a fili shi ne watan Disambar 2023. Jami'ar Jihar Fulorida, wadda ke rukunin ACC, ta ci wasanninta 13 ba tare da faɗuwa ko sau ɗaya ba, ta kuma ɗauki kofin rukuninta. Duk da haka kwamitin mutum 13 da ke zaɓen ƙungiyoyi huɗu ya tsallake ta, ya ɗauki Alabama wadda aka doke sau ɗaya. Hujjar kwamitin ita ce babban mai jefa ƙwallonsu, Jordan Travis, ya karye a ƙafa, don haka ƙarfinsu ya ragu. Magoya bayan SEC sukan nuna cewa daga baya Jojiya ta casa Jihar Fulorida 63 da 3, amma sukan manta su faɗi cewa yawancin taurarin ƙungiyar sun ƙi buga wancan wasa bayan an hana su abin da suka yi wa gumi. A ganina zalunci aka yi, kuma da zakaran SEC ne ya ci 13 babu faɗuwa, ko da sandar guragu mai jefa ƙwallonsa yake tafiya, babu mai tsallake shi.

To sai ga shi reshe ya juya da mujiya. Mishigan ta ɗauki kofin kakar 2023, bayan ta fitar da Alabama ɗin da aka yi wa alfarma. 'Yan kwanaki bayan haka, a Janairun 2024, Saban ya yi ritaya. Jami'ar Jihar Ohayo ta ɗauki na 2024, kakar farko da aka faɗaɗa gasar zuwa ƙungiyoyi 12. Sannan abin da ya fi ba kowa mamaki, Indiyana, makarantar da aka sani da ƙwallon kwando, wadda a fagen wannan wasa ta shafe shekaru aru-aru tana zaman abin tausayi, ta ɗauki na 2025 a ƙarƙashin koci Curt Cignetti ba tare da an doke ta ba. Kofi uku a jere, jami'o'i uku daban-daban, dukkansu 'yan Big Ten, kuma a wasannin ƙarshe ukun nan babu ƙungiyar SEC ko ɗaya.

Abin tambaya a nan shi ne, me ya sauya? Yaran kudu ba su daina gudu ba. Doka ce ta sauya. A Yunin 2021 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Alston wanda ya karya lagon hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i, kuma daga Yulin shekarar aka halatta wa ɗalibi ya karɓi kuɗi saboda amfani da sunansa da hotonsa. A shekarar ce kuma aka ba shi damar sauya makaranta ba tare da ya yi zaman shekara guda a benci ba. Daga 2025, bisa wani sulhu da kotu ta amince da shi, jami'a na iya raba wa 'yan wasanta kuɗi kai tsaye, har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko. A da, Alabama ko Jojiya kan tara gwanaye uku a gurbi ɗaya, biyu na zaune suna jiran lokacinsu. Yanzu wanda ke zaune yana da wayar salula da wakili, kuma jami'o'in arewa manya ne masu ɗimbin tsofaffin ɗalibai attajirai. Tuni dama a 2022 Big Ten ta ƙulla kwangilar kimanin dala biliyan 7 ta shekara bakwai da Fox da CBS da NBC.

Nawa hukuncin ke nan: a yau, in ana maganar ƙololuwa, Big Ten ce a gaba, kuma musun wannan ɓata baki ne. In kuwa ana maganar tsakiyar tebur, wato ta bakwai ko ta takwas a kowane rukuni, har yanzu na fi karkata ga SEC, domin a ƙasan teburin Big Ten akwai ƙungiyoyin da ba su da abin a zo a gani. Kowane ɓangare mudun da ya dace da hatsinsa yake ɗaukowa, shi ya sa ba a taɓa tashi da matsaya ɗaya.

Sai dai yayin da giwaye biyu ke wannan kokawa, ciyawa ta riga ta sha wahala. A 2024 Tekzas da Oklahoma suka shiga SEC ta zama mai mambobi 16. Jami'o'i biyu na Los Anjeles da Oregon da Washintan suka shiga Big Ten, wadda sunanta ke nufin manyan goma, ta zama mai 18. Rukunin Pac-12 na gaɓar yamma, mai tarihi tun 1915, ya wayi gari a shekarar da mambobi biyu tak. Stanford, da ke bakin tekun Fasifik, ta tsinci kanta a rukunin da aka raɗa wa sunan gaɓar Atilantika, ɗalibanta na keta nahiya guda a jirgi don wasa, ga jarrabawa na jiransu.

Kuma manyan biyun da ke zagin juna a talbijin, a teburin rabo bakinsu ɗaya. A sabon tsarin rabon kuɗin gasar fitar da gwani daga 2026, kowannensu zai kwashi kusan kashi 29 cikin ɗari, ACC kimanin 17, Big 12 kimanin 15, sauran su raba ɗan abin da ya rage. A 2025 shugaban Big Ten, Tony Petitti, har ya nemi a ware wa rukuninsa da SEC kujeru hurhuɗu tun kafin a taɓa ƙwallo. Kococin SEC ba su yi na'am da shawarar ba, sun fi son a bar yawancin kujerun a hannun kwamitin zaɓe, wanda shekara da shekaru yake kallon su da idon rahama.