Dandali Ba Kango Ba Ne

A shekarar 1814 Shehu Muhammadu al-Amin el-Kanemi ya kafa garin Kukawa a yammacin Tafkin Chadi. Masu tsara garin sun keɓe wani faffaɗan fili mai tsawo wanda ya miƙe har ƙofar fada, ba a gini a cikinsa. Da Kanuri ana kiransa dandal, kuma daga nan Hausa ta samo kalmar dandali. A nan mahaya suke bi su kai gaisuwa, a nan jama'a suke haɗuwa su ji labarin gari.

Mayaƙan Wadai sun rusa Kukawa a 1846. Da Shehu Umar ya sake gina ta, sai ta zama gari biyu, na gabas da na yamma, dandali kuwa yana nan. Baturen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, ya tarar da shi cike da dawaki da mutane a 1851. Rabe ya ci garin a 1893, amma da aka kafa Yerwa a 1907, an sake shimfiɗa dandali a gaban fadar Shehu. Sau uku ana gina babban birni, sau uku ana ware wa jama'a filinsu.

Mun kawo wannan tarihi ne domin abin da muke gani a yau. A garuruwanmu da dama ana yanka dandali ana jera shaguna, har abin ya kai ga filayen makarantu. Mu malamai mun san ɗan da ya rasa wurin guje-guje da safe, yadda yake zama a aji da rana. 'Ya'yanmu ne kuma suke komawa buga ƙwallo a bakin titi, tsakanin babura da motoci.

Magabata ba su rasa abin ginawa ba, sun dai san cewa fili ma gini ne. Saboda haka muna kira ga kowane shugaban makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai su nemi a auna filin makarantarsu, a kafa masa duwatsun iyaka, a ba shi takarda. A dasa darbejiya a kewaye kafin damina ta wuce. Masu unguwanni da hakimai su ma su tsaya wa dandalin gari. Shagon da aka rushe ana iya sake gina shi, amma filin da aka sayar da wuya ya dawo.