SU WAYE KE ZAUNE A KAN DUKIYAR AREWA?

Duk lokacin da aka tayar da zancen mutuwar masana'antun Arewa, mahukunta suna da amsa a baki tun kafin a rufe tambaya. Wai 'yan fasa-ƙwauri ne, wai NEPA ce, wai atamfar Sin ce. Ba mu ƙaryata su ba, duk waɗannan sun yi ɓarna. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Akwai waɗanda aka danƙa wa tsaron bangon, kuma har yau ba a cika jin an ambace su ba. Su ne 'yan hukumar daraktoci, wato mutanen nan da ake naɗawa su zauna a saman kowane babban kamfani ko banki.

Ya kai ɗan'uwa, kada ka ɗauka wannan zancen 'yan boko ne da bai shafe ka ba. Manaja shi ke tafiyar da aikin yau da gobe. Hukumar daraktoci kuwa ita ke naɗa manajan, ita ke tsige shi, ita ke amincewa da kasafin kuɗi da cin bashi, ita ke bin diddigin littattafan kuɗi. Babban aikinta shi ne aikin madugu a ayarin fatake: sanin abin da ke gaba, inda rijiya take da inda 'yan fashi ke kwanto, tun ayari bai isa wurin ba. Idan madugu ya yi barci, jaki da kaya da ɗan alaro duk sun shiga uku.

Mu ɗauki Kakuri da ke Kaduna. A 1957 gwamnatin Jihar Arewa tare da wani kamfanin Ingila suka buɗe masaƙar KTL. Bayanta UNTL da Arewa Textiles suka biyo a shekarun 1960. Audugar Funtuwa da Gusau da Gombe ta sami kasuwa a gida, dubban magidanta suka sami abin yi. Aka kafa Bankin Arewa a 1959. Ga kuma kamfanin NNDC, wanda tushensa ya faro tun 1949, yake riƙe wa jama'ar Arewa jarinsu, kuma yau mallakar jihohi 19 ne. Wannan dukiya ba ta uban kowa ba ce. Da gumin manoman gyaɗa da auduga aka tara ta.

To, masifar da ta faɗa wa wannan dukiya ba da dare ta zo ba, sai da ta yi sallama sau da dama. A 1986 aka kawo shirin SAP, darajar Naira ta faɗi, kayan gyaran injuna da sinadaran rini da ake sayowa daga waje suka yi tsada, aka kuma rushe hukumar cinikin auduga. A 1995 Nijeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, kuma tun a lokacin an rubuta a fili cewa nan da shekara 10 za a cire ƙayyade cinikin yadi da tufafi tsakanin ƙasashe. A 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi. A 2001 ƙasar Sin ta shiga ƙungiyar. Shin a cikin waɗannan shekaru 15 me ake tattaunawa a ɗakunan taron daraktoci? Wa ya miƙe ya ce a sabunta injunan da suka tsufa? Wa ya ce masaƙun Kakuri su haɗa kai su samar wa kansu wutar lantarki? Wa ya ce a ƙulla yarjejeniya da manoma, a ba su ingantaccen irin da cibiyar bincike ta Samaru ke fitarwa? A 2002 KTL ta rufe, ma'aikatanta suka shafe shekaru suna bin haƙƙinsu, wasu har suka mutu ba su karɓa ba. A 2007 UNTL ma ta tsayar da aiki.

Haka labarin yake a Bankin Arewa. A watan Yuli na 2004 Babban Bankin Nijeriya ya ba kowane banki wa'adin zuwa ƙarshen 2005 ya tara jarin Naira biliyan 25. Wa'adin ya riski bankin basussukan da ba a biya ba sun yi masa katutu. Ƙarshenta a 2006 aka narkar da shi tare da wasu bankuna 8 aka yi Unity Bank. Bashi ba ya fita daga banki da ƙafarsa. Akwai wanda ya sa hannu, akwai kuma wanda aikinsa ne ya hana, bai hana ba.

Za su ce ai darakta ba shi ke ba da wuta ba, ba shi ke tsaron iyaka ba. Gaskiya ne. Amma wanda ya ga jirgi na nutsewa, kuma ya tabbata ba shi da ikon ceto, abin da ya kamace shi shi ne ya fito ya faɗa wa masu dukiya gaskiya, ya ajiye muƙamin. Ci gaba da karɓar alawus ɗin zama da kwana a otal har ranar da aka garƙame ƙofa, wannan sunansa cin amana.

Tushen cutar kowa ya san shi. A kamfanonin gwamnati an mayar da kujerar darakta ladan siyasa. Wanda ya faɗi zaɓe, da surukin mai gida, da tsohon jami'in da ake so a rufe wa baki, su ake rabawa. Mutumin da bai iya karanta rahoton mai binciken kuɗi ba, yaya zai kama manaja da ƙarya? Wanda gwamna ya naɗa don biyan bukata, da wane baki zai ce wa gwamna a'a ranar da ya miƙo hannu cikin asusu?

Kuma ba a ce gyara ba ya yiwuwa. Jihohin Yarbawa suna da irin wannan kamfani, Odu'a, tun 1976, shi ma ya sha fama da tasa matsalar. A 2020 gwamnoninsu suka sake fasalin hukumarsa, suka shigo da daraktoci masu zaman kansu. Dokar kamfanoni ta 2020 ma ta wajabta wa kamfanonin da ke sayar da hannun jari ga jama'a su sa irin waɗannan daraktoci, ta hana mutum ɗaya ya zama shugaban hukuma kuma babban manaja, ta kuma hana shi zama darakta a irin waɗannan kamfanoni fiye da 5. Me zai hana a ɗora dukiyar talakawa a kan wannan ma'auni, ko ma wanda ya fi shi tsauri?

Muna wannan magana ne domin wasu sauye-sauyen sun riga sun yi sallama. Yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka ta soma aiki a 2021. A 2023 aka cire tallafin man fetur, a shekarar kuma doka ta ba jihohi ikon tsara harkar wutar lantarkinsu. Tun 2020 aka ƙaddamar da aikin bututun iskar gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano. Waɗannan za su iya tayar da Kakuri da Sharaɗa da Bompai, za kuma su iya mayar da mu 'yan kallo, kasuwar kayan wasu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka muna kira da babbar murya. A buga sunayen daraktocin kowane kamfani na jama'a da abin da kowannensu ya ƙware a kai. A tallata kujerun a fili, a yi musu wa'adi. A sa masu ilmin sana'ar, da wakilan ma'aikata da manoma. A riƙa fitar da rahoton kuɗi kowace shekara, har da Hausa. A hana darakta cin bashi ko kwangila a inda yake zaune. Kowace hukuma ta rubuta inda take son kai kamfaninta nan da shekara 10, a riƙa auna ta da shi.

Ku kuma 'yan'uwa matasa, zagi a majalisar shayi ba zai buɗe masaƙa ba. Ku nemi ilmin akanta da shari'ar kamfanoni da injiniyanci, domin ba a ƙwato abin da ba a san lissafinsa ba. Ku soma gwada riƙon amana tun daga asusun ƙungiyoyinku na unguwa. Ku tambayi ɗan majalisar jiharku: wa ke wakiltar jiharmu a NNDC, kuma me ya kawo bara? Ƙarƙon dukiyar ku ce, ku ne kuma za ku kwana da yunwa idan aka sake yin barci.